Saba ta ce lafiya lau, sito ya ce da sauran magana

Mannir: Assalamu alaikum. Ina neman shawarar manya. Akwai wani shagon kayan noma da na karɓi kula da kwamfutocinsu kwanan nan, taki da iri da maganin feshi suke sayarwa. Babban ofis yana nan cikin Katsina, reshe yana Daura. MySQL 5.7 ne a duka wuraren, wato manhajar rumbun bayanai da ke ajiye lissafin shagon. Sabar Katsina, kwamfutar da rumbun yake kai, ita ce uwa, ta Daura mabiyiya ce tana kwafa daga gare ta. To manajan Daura ya ƙirga buhunan yuriya da kamfa a sito, abin da ya samu daban, abin da allonsa ke nunawa daban, abin da Alhaji mai shagon ke gani daga nan kuma daban. Na duba SHOW SLAVE STATUS, umarnin da ke nuna lafiyar kwafin: Slave_IO_Running Yes, Slave_SQL_Running Yes, Seconds_Behind_Master 0. Ko kuskure ɗaya babu. Alhaji har ya fara zargin yaran sito, ni kuma zuciyata ba ta kwanta da hakan ba.

Bishir: Wa alaikumus salam. Ai mai sauƙi ne. pt-table-checksum ya gano bambancin, sai pt-table-sync da --execute ya daidaita sabobin, ka tafi ka sha shayinka.

Malam Sada: Mannir, kada ka kusanci wannan umarni na biyu tukuna. Buɗe my.cnf, fayil ɗin saitin MySQL na Daura, ka turo mana abin da ke gaban slave_skip_errors da read_only. Sannan ka kira kashiyan can, ba manaja ba, ka tambaye shi yadda suke yi ranar da sabis ya ɗauke ga manoma sun yi layi a ƙofa.

Mannir: Malam, slave_skip_errors = 1062,1032. Shi read_only, mai hana rubutu a mabiyiya, babu shi a fayil ɗin kwata-kwata. Na kira kashiyan, ya ce wanda ya haɗa musu tsarin ya bar musu wani maɓalli a manhajar. Kullum ciniki Katsina yake tafiya kai tsaye, amma in sabis ya yanke sai su danna maɓallin su ci gaba da yanka rasit a kwamfutar Daura. In ya dawo su mayar.

Hajiya Hadiza: Innalillahi. To ga ɓarawon nan, kuma ba a sito yake ba.

Malam Sada: Bari in warware maka abin da ke faruwa, don ka iya yi wa Alhaji bayani da bakinka. Kwafin nan hanya ɗaya yake bi, daga Katsina zuwa Daura. Duk cinikin da aka yi a Daura lokacin da aka danna maɓallin nan, a Daura ya tsaya, Katsina ba ta taɓa jin labarinsa ba. Shi ya sa Alhaji ke ganin buhunan da tuni suna gona.

Na biyun ya fi muni. A ce lambar rasit ta ƙarshe kafin yankewar sabis 5000 ce. Daura ta ba wani manomi 5001, Katsina ma a daidai lokacin ta ba wani dila 5001, don kowace saba nata auto_increment, wato mai ba da lamba ta gaba, take ƙirgawa. Sabis ya dawo, 5001 ta Katsina ta iso Daura ta tarar da mai wuri. Wannan shi ne kuskure 1062. A ƙa'ida nan kwafi zai tsaya cak ya jira mutum, tsayawar nan ita ce ƙararrawarka. Sai wanda ya gabace ka ya ce wa sabar duk lokacin da ta ga haka ta tsallake ta yi shiru. 1032 kuma shi ne a zo gyara layi ko share shi a tarar babu shi, shi ma ta tsallake. Saboda haka Yes, Yes, 0 ɗin da kake gani kallon kitse ne ake yi wa rogo. Abin da yake faɗa kawai shi ne zaren aikin guda biyu, mai ɗauko kwafi da mai aiwatar da shi, suna raye, bai taɓa yin alkawarin cewa abin da ke cikin teburan iri ɗaya ne ba.

Lawal Daura: Ni tun farko na ga inda aka kuskure. Yaushe Katsina ta zama uwa, Daura ta koma mabiyiya? A mai da wa tushen Hausa haƙƙinta, ku ga in lissafi bai daidaita ba.

Bishir: Yaya Lawal, a bar tarihi a gidan sarki. Malam Sada, na yarda da bayanin, amma ai shi ya sa na ce a yi sync. In bayanan sun bambanta, kayan aikin da aka ƙera don daidaita su ke nan.

Hajiya Hadiza: Bishir, daidaita su da wa? Wannan kayan aiki yana ɗaukar uwa a matsayin mai gaskiya, ya mayar da mabiyiya kamarta. Layin da yake Daura babu shi a Katsina, a wurinsa datti ne, sharewa zai yi. Layin da lambarsa ta zo ɗaya amma cikinsa daban, zai danne shi da na Katsina. Waɗannan layuka kuwa ciniki ne na gaske, mutane sun biya kuɗi sun ɗauki kaya, kuma a duniya babu inda aka rubuta su sai a faifan nan na Daura. Da Mannir ya bi maganarka, da sabobin sun yi daidai tsaf, yaran sito kuma sun rasa shaida ɗaya tilo da za ta wanke su.

Kuma Mannir, ka sani yanzu haka ma ana cin wannan shaidar. Tun daga 5.7.7 tsarin binlog na asali ROW ne, wato littafin da uwa ke rubuta canje-canje a ciki layin da ya canza yake ɗauka, ba umarnin ba. In an gyara rasit 5001 a Katsina, a ce dilan ya cika sauran kuɗinsa, gyaran zai iso Daura ya nemi layin da lambarsa, ya same shi, ya rubuta bayanan dila a kan na manomi. Babu kuskuren da zai fito, don a ganin sabar komai ya tafi daidai. Ka yi STOP SLAVE yau, ka ɗauki cikakken kwafin kowace saba daban, ka rubuta suna da kwanan wata a kai, sannan a yi maganar gyara.

Bishir: To na ji. Da --print fa? Ba ya taɓa komai.

Hajiya Hadiza: Wannan babu laifi, jerin bambancin zai ba shi. Amma a kan kwafin da ya ɗauka, a wata kwamfuta daban. Lokacin damina ne, kada a je garin neman gira a rasa ido.

Mannir: Na tsayar, ina ɗaukar kwafin. Amma Hajiya, shi 0 ɗin fa? Na ɗauka ko ba komai yana nuna Daura ba ta makara.

Malam Sada: Ko wannan bai tabbatar ba. Lambar tana auna tazarar da ke tsakanin agogon mabiyiya da lokacin abin da take aiwatarwa a yanzu. In layin intanet ya yi nauyi, abubuwa sun taru a Katsina ba su iso ba, ita kuma ta gama da ɗan abin da ya iso hannunta, sai ta nuna 0. A irin sabis ɗinmu wannan ba baƙon abu ba ne. In kana son ma'auni na gaskiya sa pt-heartbeat: uwa tana rubuta lokaci a wani ɗan tebur kowace daƙiƙa, kai kuma ka duba a Daura ka ga lokacin da ya iso.

Kabir: Ni dai ban ga dalilin wannan wahala ba a wannan zamani. A kwashe komai a kai sabobin haya na intanet, AWS ko makamancinsa, rumbu ɗaya, su ke kula da kwafi da ajiya. Saba a ƙarƙashin teburin manaja ai ya wuce yayi.

Lawal Daura: Kabir, mi ya kawo maɓallin tun farko? Yankewar sabis. Yanzu in sabis ya yanke Daura kaɗai ke shiga matsala. In ka kai rumbun Turai, ranar da ya yanke har Katsinar ma sai ta rufe kanta. Ga biya da dala kowane wata. Je ka faɗa wa Alhaji da kanka.

Kabir: To Galera, wani tsarin kwafi na MySQL. Kowace saba tana karɓar rubutu, babu uwa babu 'ya.

Malam Sada: Galera da saba biyu, in layin da ke tsakaninsu ya yanke, duka biyun ke daina karɓar aiki, don babu wadda ke da rinjaye. Sai ka ƙara ta uku ko ɗan alƙalin nan garbd, manhajar da ke ƙara ƙuri'a ɗaya don a samu rinjaye. Ko ka ƙara, ɓangaren da aka yanke shi kaɗai zai ƙi aiki, wato Daura, wato dai an koma gidan jiya. Ba aibin manhajar ba ne, da gangan aka yi ta haka. In layi ya yanke zaɓi biyu ne: ko reshe ya daina sayarwa lissafi ya zauna ɗaya, ko ya ci gaba da sayarwa a yarda lissafi zai rabu a haɗa shi daga baya. Wanda ya haɗa tsarin nan ya zaɓi na biyu, kuma ban ga laifinsa a nan ba, ɗan kasuwa ba zai kori mai kuɗi a hannu ba. Laifinsa bai gina hanyar haɗawar ba, sai ya kashe ƙararrawa.

Kada kuma a ɗauka ƙananan shaguna kaɗai abin ke ci. Ranar 21 ga Oktoba 2018, ana canza wata na'urar layi a GitHub, babban shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, sadarwa ta yanke da cibiyarsu ta gabashin Amurka na daƙiƙa 43 kacal. Manhajarsu mai suna Orchestrator ta ɗaga sabobin yammacin ƙasar suka zama uwaye. Da layi ya dawo, gabas tana da rubutun da yamma ba ta da shi, yamma ma ta karɓi sabo. MySQL ne su ma. Sai da suka yi awa 24 da minti 11 kafin komai ya koma daidai, kuma da saninsu suka zaɓi jinkirin a kan su zubar da bayanan mutane.

Bishir: To a sa auto_increment_increment = 2, Katsina ta riƙa ba da mara, Daura cika, a yi kwafi ta hanya biyu. Lambobi ba za su sake karo ba.

Hajiya Hadiza: Lambar rasit ba za ta yi karo ba, gaskiya ne. Adadin kaya fa? In tebur yana da layi ɗaya mai cewa yuriya saura 200, Katsina ta sayar da 30 ta rubuta 170, Daura ta sayar da 10 ta rubuta 190, sabis ya dawo suka yi musaya. Amsar gaskiya 160 ce, kuma babu sabar da za ta nuna ta.

Ni a ganina gyaran ba a saitin MySQL yake ba, a tsarin teburan yake. Kowane reshe ya mallaki layukansa, lambar reshe ta shiga cikin makullin kowane rasit, kada wata saba ta taɓa layin da ba nata ba. Sannan a daina goge adadi ana rubuta sabo. A riƙa rubuta motsin kaya: an shigo da kaza, an sayar da kaza, an tura Daura kaza, kowanne layinsa, ba a gyara shi bayan an rubuta. Adadin da ya rage jimilla ce da ake haɗawa. In an yi haka, ko sabis ya kwana biyu bai dawo ba, layukan za su iso su jeru ba tare da faɗa ba. Akantocinmu na da haka suke yi a littafi tun kafin a haife mu.

Mannir: Wannan sai an taɓa manhajar ke nan, kuma ba ni na rubuta ta ba. Wani abu kuma, na tambayi Alhaji ina ajiyar ko-ta-kwana, ya ce ai ita ce sabar Daura, haka aka gaya masa lokacin da ya biya kuɗinta.

Hajiya Hadiza: Wannan maganar ta fi ta farko tayar min da hankali. Mabiyiya tana kare ka in faifan uwa ya mutu ko ofis ya yi gobara, Allah ya kiyaye. Amma in wani ya yi DELETE ya manta WHERE, cikin ƙiftawar ido umarnin zai isa Daura ta aiwatar da shi da biyayya.

Ku tuna GitLab, wani kamfani irin GitHub, 31 ga Janairu 2017. PostgreSQL suke amfani da shi, wata manhajar rumbun bayanai irin MySQL. Kwafinsu ya tsaya, wani injiniya yana ƙoƙarin sake gina mabiyiya cikin dare, ya share jakar bayanai yana zaton a kan mabiyiya yake, ashe a kan uwa yake. Kafin ya tsayar, cikin kusan gigabait 300 saura kamar 4.5. Aka juya ga ajiya, aka tarar pg_dump, mai ɗaukar musu ajiya, ya daɗe ba ya aiki, don na 9.2 ne ake gudanarwa a kan rumbu 9.6, saƙonnin imel masu sanar da gazawar kuma ba sa isowa. Abin da ya cece su wani kwafi ne da aka ɗauka awa shida kafin nan don gwaji, bayanan awa shidan kuwa sun tafi. Ni abin da ya fi tsaya min a labarin ba sharewar ba ne, kowa na iya yi. A rubuce suna da hanyoyin ajiya har biyar, babu wanda aka ɗora wa alhakin gwada maido da su.

Saboda haka Mannir, ɗauki ajiya da mysqldump da --single-transaction kowane dare in teburan nau'in InnoDB ne, a ajiye binlog tare da shi, kwafi ɗaya ya bar ginin. Lokaci-lokaci ka maido shi a wata kwamfuta ka buɗe manhajar a kai ka ga rasit na jiya. In akwai tsohuwar kwamfuta a ofis, mayar da ita mabiyiya mai jinkiri, MASTER_DELAY = 3600, tana bin uwa da tazarar awa ɗaya. In an yi ɓarna kana da awa guda ka tsayar da ita.

Lawal Daura: Kuma kwafin da zai bar ginin a kulle shi da kalmar sirri. Akwai sunaye da lambobin wayar manoma da bashin da ake bin su a ciki. Dokar kare bayanai ta 2023 tana nan, ba a yawo da irin wannan a filash cikin aljihu.

Injiniya Rabe: Salamu alaikum, yanzu na shigo na karanta daga sama. Ba wanda ya yi maganar wuta. Mannir, sabar Katsina a kan me take, kuma me ke gaban innodb_flush_log_at_trx_commit da sync_binlog?

Mannir: Inbata ce, Injiniya, amma batiran sun gaji, in an ɗauke wuta kafin a tada janareta takan mutu. Na farko 2, na biyu 0.

Injiniya Rabe: Na zata. Ana sa su haka don rubutu ya yi sauri, a shagon da cinikinsa na yini bai kai abin da sabar za ta yi a minti ɗaya ba. Da 2, abin da aka ce wa kashiya ya shiga yana iya kasancewa bai sauka a faifai ba tukuna, in wuta ta ɗauke sai a rasa kusan daƙiƙa ɗaya ta ƙarshe. Da sync_binlog 0 kuma wutsiyar binlog na iya ɓacewa. Sai ka samu cinikin da ke Katsina bai je Daura ba, ko ma wanda Daura ta riga ta karɓa amma ita uwar ta farfaɗo ba ta san shi ba. Wani lokaci ka ga kuskure 1236, mabiyiya tana neman wurin da babu shi a fayil, sai mai gaggawa ya tura ta farkon fayil na gaba ya ce ya gyara. Mayar da duka biyun 1. Ka duba ko akwai teburan MyISAM, tsohon nau'in tebur na MySQL, su ba su san ma'amala mai ko-duka-ko-babu ba. Batir kuma a saya, ya fi buhunan da ake nema araha.

Kabir: Duk wannan matsalar MySQL ce. Da PostgreSQL ne da ba a kai nan ba.

Hajiya Hadiza: Ni da shi nake cin abinci, kuma ba zan yi masa wannan shaidar ba. Gaskiya mabiyiyarsa ta streaming ba ta karɓar rubutu, nan ya fi tsaro. Amma kwafin logical da ya zo a siga ta 10 a 2017 ba ya ɗaukar canjin tsarin tebur, ba ya ɗaukar sequence, wato mai ƙirga lambobi. Ka ɗaga mabiyiya ta zama uwa ba ka gyara su ba, rasit na farko zai nemi lambar da aka riga aka bayar. Replication slot kuma, wato gurbin da uwa ke riƙe wa mabiyiya, in mabiyiya ta ɓace, uwa za ta yi ta tara mata WAL, littafin canje-canjensa, har faifai ya cika, sai a siga ta 13 aka kawo max_slot_wal_keep_size. Ga na ɓoye: glibc, wani tushen manhajojin Linux, a sigarta 2.28 ta 2018 ta canza yadda ake jera haruffa. Uwa a Ubuntu 18.04, mabiyiya a 20.04, fihirisar rubutu iri ɗaya amma karatun daban, ka nemi sunan da yake nan a ce babu.

Mannir: Barkanmu da safiya. Allah ya taimaka log_bin a kunne yake a Daura, na ciro abin da aka rubuta a can da mysqlbinlog da --server-id. Sai dai expire_logs_days 7 ne, kwana bakwai kawai ake ajiye binlog, na baya sun tafi. Wasu tsofaffin rasit suna nan a tebur, wasu an danne su kamar yadda Hajiya ta faɗa. Abin da na haɗa ya rufe mafi yawan giɓin. Sauran in cike da ƙiyasi?

Malam Sada: A'a. Wannan ba hurumin mai kula da rumbu ba ne. Ka buga jerin, ka zauna da akanta da manajan Daura, a kawo kwafin rasit na takarda da alat na banki da bayanan na'urar POS na ranakun. Abin da aka tabbatar a shigar da shi Katsina a matsayin sabon layi mai bayanin dalili da sunan wanda ya amince. Abin da ba a tabbatar ba Alhaji ne zai yanke, kuma ka faɗa masa ƙarara cewa da irin wannan rumbu ba a kama kowa da sata, ba a kuma wanke kowa ɗari bisa ɗari. Bayan nan ka rushe ta Daura ka gina sabuwa daga uwa, ka cire layin tsallake kuskure, ka kunna GTID, mai ba kowace ma'amala lambar shaida ta kanta, da super_read_only, don read_only kaɗai ba ya hana mai izinin SUPER, kuma ina kyautata zaton manhajar da root, asusu mai cikakken izini, take shiga.

Lawal Daura: In ya kulle ta, ran da sabis ya yanke mutanena su yi yaya?

Malam Sada: Littafin rasit da biro, a shigar in ya dawo, har a samu wanda zai gyara manhajar yadda Hajiya ta tsara. Da layin intanet na biyu daga wani kamfani daban.

Lawal Daura: Za su yi ƙorafi, amma to.

Bishir: Tunda za a gina sabuwa, a wuce 8.0 gaba ɗaya mana. 5.7 ai tun Oktoba 2023 aka daina tallafa masa.

Mannir: Na gwada loda kwafin a 8.0 a kwamfutata. Garuruwan abokan ciniki sun fito wani iri, Ƙanƙara ta zama Æ˜anÆ™ara, Ɗanmusa ta zama ÆŠanmusa. A manhajar shagon kuwa daidai suke fitowa.

Hajiya Hadiza: Teburan latin1 ne, tsarin haruffan da babu ƙ da ɗ a cikinsa, shi ne na asali a 5.7, manhajar kuma UTF-8 take turawa ta ƙofar latin1, tana karɓowa ta ƙofar, shi ya sa ba wanda ya lura. Yi SELECT HEX a kan sunan garin a tsohuwar sabar. In ka ga C699 a wurin ƙ, bayanin lafiyarsa lau, lakabin ne ba daidai ba. Kada ka yi CONVERT TO utf8mb4 kai tsaye, zai tabbatar da shirmen ne. Mayar da ginshiƙin VARBINARY tukuna, sannan ka mayar da shi VARCHAR mai utf8mb4, ka kuma gyara saitin haɗin manhajar a rana ɗaya. In kuwa 3F ka gani, alamar tambaya ce aka ajiye, harafin ya tafi, sai a bi da hannu.

Mannir: C699 ne, Hajiya.

Hajiya Hadiza: Madalla. Amma kada ka haɗa hawa 8.0 da gyaran lissafi a mako ɗaya, in abu ya karkace ba za ka san wanne ya jawo ba. Gama da rasit ɗin tukuna, sigar ta jira bayan kaka.